Yadda na'urar SAW ke gano iska mai guba

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ya san wani irin wari mai kama da na bara-gurbi da ke tashi daga magudanan ruwan wasu masana'antun jima.

Wannan wari alama ce ta iskar haidirojin salfaid, ɗaya daga cikin iskoki mafi haɗari da ma'aikaci kan ci karo da su a wurin aiki.

Babbar matsalar wannan iska ita ce, idan ta yi yawa sai ta kashe jijiyar jin wari, ta yadda mutum zai zaci ta wuce alhali kuwa ƙaruwa ta yi.

Saboda haka ne masana suka daɗe suna neman na'urorin da za su maye gurbin hancin ɗan Adam. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda ake kira SAW a taƙaice, wadda ke amfani da igiyar sauti mai bin saman dutse wajen shinshino iskar gas.

Daga ina iskar take fitowa?

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Shekaru aru-aru fatake suka yi suna ketare Sahara da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu.

Majeman gargajiya, irin na cikin birnin Kano, sun dogara ne da toka da bagaruwa. Masana'antun zamani kuwa sinadarai suke amfani da su, kuma a nan ne batun iska mai guba yake shigowa.

Matakin farko shi ne cire gashi, inda ake jiƙa fata a cikin ruwan farar ƙasa da sinadarin sodiyam salfaid. Muddin wannan ruwa bai haɗu da asid ba, yawancin salfaid ɗin na zama a cikinsa.

Daga nan sai a wanke farar ƙasar da gishirin amoniyam, wanda ke sakin iskar amoniya mai yaji a ido da maƙogwaro.

Mataki na gaba shi ne jiƙa fatar a ruwan asid da gishiri, kafin a jeme ta da sinadarin kuromiyam.

Haɗarin yana aukuwa ne idan ruwan cire gashi ya gamu da ruwan asid a cikin kwata ɗaya ko rami ɗaya. Nan take salfaid ɗin ke rikiɗa ya koma iskar haidirojin salfaid.

Wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a ƙasan ramuka da tankuna da rufaffun magudanai, wato daidai wuraren da ake tura leburori su yi yasa.

A Kano, ruwan da ke fitowa daga Bompai, a ƙaramar hukumar Nassarawa, yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar ruwa ta Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, wanda kuma shi ne ke karɓar na masana'antun Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso.

Duk da cewa masana'antu da dama sun rufe a jihar tun daga shekarun 1990, Kano ce har yanzu cibiyar sarrafa fata a Najeriya.

Yaya girman haɗarin yake?

Ana auna irin wannan iska ne da kashi cikin miliyan, wato yawan ƙwayoyin gas a cikin kowace ƙwayar iska miliyan ɗaya.

Hancin mutum yana iya jin warin haidirojin salfaid tun bai kai kashi 1 cikin miliyan ba.

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada iskar ta wuce kashi 10 cikin miliyan a wurin aiki, ta kuma ɗauki kashi 100 a matsayin barazana ga rai nan take.

Daga kashi 100 zuwa 150 ne jin wari ke ɗaukewa. Daga 500 zuwa 700 mutum kan yanke jiki ya faɗi cikin 'yan mintoci, sama da haka kuwa shaƙa ɗaya ko biyu sun isa su sumar da shi.

Sau da yawa ba mutum ɗaya ke mutuwa ba, domin wanda ya ga ɗan uwansa ya faɗi a rami yakan bi shi don ya cece shi, shi ma ya faɗi.

A garin Poza Rica na ƙasar Meziko, tsiyayar wannan iska daga wata masana'antar gas ta kashe mutum 22 a shekarar 1950. A watan Disambar 2003 kuma, fashewar wata rijiyar gas a yankin Chongqing na ƙasar Sin ta hallaka mutum 243.

Mece ce igiyar sauti mai bin sama?

Idan aka jefa tsakuwa a kududdufi, igiyar ruwa takan bazu a sama, ƙasan ruwan kuwa yana nan kusan yadda yake.

A shekarar 1885 wani masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh, ya nuna da lissafi cewa irin wannan igiya tana iya bin saman abu mai tauri kamar dutse. Ita ce igiyar da masu nazarin girgizar ƙasa ke gani tana bin doron ƙasa, har yau kuma da sunansa ake kiranta.

Shekaru biyar kafin nan, a 1880, wasu 'yan uwa biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, sun gano cewa akwai duwatsu irin su kwaz waɗanda ke haifar da lantarki idan aka matsa su. Daga baya aka tabbatar da cewa akasin haka ma yana faruwa: idan aka ba dutsen lantarki sai ya motsa.

An ɗauki shekaru 80 kafin a haɗa waɗannan abubuwa biyu ta hanya mai sauƙi. A 1965 ne Richard White da F. W. Voltmer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka shimfiɗa siraran layukan ƙarfe a kan dutsen kwaz, suka tayar da igiyar kai tsaye da lantarki.

Wannan ƙirƙira ta fara amfani ne a na'urorin rada da akwatunan talabijin, sannan ta shiga wayar salula.

Kusan kowace waya da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano tana ɗauke da irin waɗannan 'yan ƙananan duwatsu, inda suke aikin tace saƙon rediyo. Ke nan tun da aka fara amfani da wayar GSM a Najeriya a 2001, wannan fasaha take cikin aljihun jama'a.

A 1979 ne Henry Wohltjen da Raymond Dessy na jami'ar Virginia Tech a Amurka suka wallafa aikin da ya nuna cewa za a iya amfani da ita wajen gano sinadarai a cikin iska.

Yaya aka gina na'urar?

Zuciyar na'urar wani ɗan ɓallin dutse ne mai santsi, wanda sau da yawa bai kai girman farce ba. Yawanci kwaz ne, ko wani dutse da ake haɗawa a masana'anta mai suna litiyam nayobet.

A gefe ɗaya na dutsen ana buga zanen ƙarfe, na alminiyam ko zinariya, mai siffar mataji biyu da aka sarƙe haƙoransu ba tare da sun taɓa juna ba. A ɗaya gefen ma ana buga irinsa.

Idan aka tura lantarki mai kai-komo cikin matajin farko, saman dutsen yakan riƙa takurewa yana saki, sai igiya ta tashi ta nufi ɗaya gefen. Mataji na biyu shi ke karɓarta ya mayar da ita lantarki.

A kan kwaz igiyar tana gudun kimanin mita 3,100 a sakan guda, wato ta ninka gudun sauti a cikin iska kusan sau tara.

Tazarar da ke tsakanin haƙoran matajin ita ke ƙayyade yawan bugun igiyar. Na'ura mai bugu miliyan 100 a sakan tana da haƙora masu faɗin kimanin kashi 8 cikin 1,000 na milimita, wato sun fi silin gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce bugu 20,000 a sakan, don haka babu wani ƙara da ake ji daga na'urar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kusan duk ƙarfin igiyar yana tattare ne a cikin ɗan siririn ɓawon da ke saman dutsen. Saboda haka duk abin da ya sauka a wannan sama, komai ƙanƙantarsa, sai ya shafi tafiyarta.

Ta yaya take gane iskar gas?

A filin da ke tsakanin mataji biyun ana shafa wani siririn shafe, wanda aka zaɓa saboda yana kama irin iskar da ake nema.

Ana haɗa mataji na biyu da na farko ta cikin wata na'urar ƙara ƙarfin lantarki, ta yadda igiyar za ta yi ta zagayawa da bugu tsayayye. Aikin da ya rage shi ne ƙidaya bugun.

Makaɗan ƙasar Hausa sun san wannan ka'ida tun da daɗewa. Idan aka liƙa danƙo a tsakiyar fatar ganga, muryarta takan yi ƙasa, saboda fatar ta ƙara nauyi.

Haka abin yake a nan. Idan ƙwayoyin gas suka maƙale a shafen, saman dutsen yakan ƙara nauyi, igiyar ta rage gudu, yawan bugun ya sauka. Gwargwadon yawan gas ɗin, gwargwadon saukar bugun.

Na'urar lantarki tana iya lura da raguwar 'yan bugu kaɗan a cikin miliyoyi, shi ya sa ake iya auna nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba.

Haka kuma, idan aka ninka yawan bugun na'urar sau biyu, canjin da nauyi ɗaya zai haifar yakan ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa SAW ta fi tsohuwar na'urar ma'aunin kwaz kaifi, domin waccan bugu miliyan 5 zuwa 10 ta saba yi, wannan kuwa takan yi ɗaruruwan miliyoyi.

Nauyi ba shi kaɗai ne hanya ba. Igiyar tana tafe ne tare da wani ɗan ƙarfin lantarki a saman dutsen, don haka idan gas ya canza yadda shafen ke ɗaukar lantarki, gudun igiyar ma yakan canza.

Hanya ta uku ita ce taurin shafen. Wasu shafe-shafen na dangin roba sukan kumbura su yi laushi idan suka sha tururin sinadari, sai su rage wa igiyar gudu da kuma ƙarfi.

A na'ura mai kyau, da zarar iska mai tsabta ta dawo sai gas ɗin ya saki shafen, bugun ya koma yadda yake.

Wane shafe ne ke kama wace iska?

Dutsen shi kansa ba ya bambanta wannan iska da waccan. Duk hikimar tana cikin zaɓen shafe.

A farkon shekarun 1980 wasu masana a Italiya, ƙarƙashin Arnaldo D'Amico, sun yi amfani da ƙarfen faladiyam, wanda ke shanye haidirojin kamar soso, suka gina na'urar gano wannan iska.

Domin haidirojin salfaid, masu bincike a Jami'ar Maine ta Amurka sun gwada shafen tsatsar ƙarfen tongistin, wanda ɗaukar lantarkinsa ke ƙaruwa idan ya gamu da iskar. Irin wannan shafe yakan buƙaci a ɗumama shi fiye da zafin tafasasshen ruwa kafin ya yi aiki da sauri.

An kuma gwada tsatsar zinki da ta kuza, da robobi masu ɗaukar lantarki, wajen gano amoniya da sauran iskoki.

To sai dai da wuya a sami shafen da iska ɗaya tak yake kamawa. Mafitar ita ce a jera na'urori huɗu ko shida ko fiye, kowacce da shafenta daban.

Kowace iska takan motsa jerin ta wata siga tata, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsunsa, sai kwamfuta ta kwatanta sigar da waɗanda aka riga aka koya mata. Wannan tsari ne ake yi wa laƙabi da hancin lantarki.

Bayan harin da aka kai da gubar sarin a jiragen ƙasa na birnin Tokyo a 1995, sha'awar ƙananan na'urorin gano makamai masu guba ta ƙaru. Na'urar hannu mai suna HAZMATCAD tana cikin waɗanda aka gina a kan jerin SAW.

Wata kuma mai suna zNose, da aka ƙera a Kalifoniya, tana fara rarrabe sinadaran da ke cikin iska ta wani siririn bututu, sannan ta riƙa kai su kan dutsen ɗaya bayan ɗaya.

Me yanayin Kano zai yi mata?

Kaifin na'urar shi ne kuma rauninta, domin duk abin da ya taɓa saman dutsen sai ta ji shi.

Na farko shi ne zafi. A Kano zafin rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da asubahin hunturu kuma yakan sauko ƙasa da 15.

A kan litiyam nayobet, canjin digiri ɗaya kacal yana iya gusar da bugun na'ura mai miliyan 100 da fiye da bugu 7,000, abin da ka iya rufe alamar gas ɗin baki ɗaya. Shi ya sa aka fi son wani yankan kwaz na musamman da zafin ɗaki bai cika damunsa ba.

Dabarar da aka saba ita ce a gina hanyoyi biyu a kan dutse ɗaya, ɗaya da shafe, ɗaya babu. Zafi yana shafar su daidai wa daida, gas kuwa mai shafen kaɗai yake shafa, don haka bambancin da ke tsakaninsu ake karantawa.

Na biyu shi ne laima. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, ta watan Agusta kuwa cike take da danshi, cikin masana'antar jima ma kullum a jiƙe yake. Tururin ruwa yana da nauyi, kuma shafe-shafe da yawa suna shan sa.

Idan ruwa ya taru a kan dutsen har ya zama ɗigo, igiyar Rayleigh takan mutu gaba ɗaya.

Na uku ita ce ƙura. Hazon hunturu da ke tasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi yana iya sauka a kan dutsen ya zama nauyi na dindindin, don haka dole a sa matata a mashigar iska, a kuma riƙa canza ta.

Bayan haka shafen yana tsufa. Wajibi ne lokaci-lokaci a gwada na'urar da gas ɗin da aka san adadinsa, a daidaita ta, in ba haka ba za ta riƙa ba da lambobin ƙarya.

Ina matsayinta a tsakanin sauran na'urori?

Neman abin da zai yi wa ma'aikaci gargaɗi ba sabon abu ba ne. Masu haƙar kwal a Birtaniya sun riƙa shiga rami da tsuntsun kanari, wanda iska mai guba ke fara kayarwa kafin mutum, kuma sai a 1986 aka daina.

Akwai takarda mai sinadarin dalma da ke yin baƙi idan ta gamu da haidirojin salfaid. Akwai kuma bututun gilashi mai canza launi, wanda sau ɗaya ake amfani da shi.

A yau, yawancin ƙananan na'urorin da ma'aikatan mai da na magudanai ke maƙalawa a ƙirji suna aiki ne da wani ɗan ƙoƙon sinadari mai kama da batir. Suna da sauƙin samu, amma ƙoƙon yakan ƙare bayan shekaru biyu zuwa uku, zafi da bushewar iska kuma suna rage masa kwana.

Wajen gano haidirojin salfaid da amoniya, na'urorin SAW sun fi yawa a ɗakunan bincike fiye da kasuwa.

Abin da ke jan hankalin masana gare su shi ne ƙanƙanta, da saurin amsawa, da kuma cewa irin injinan da ke buga su da yawa domin wayar salula za su iya buga su da araha.

Akwai kuma nau'in da ba ya buƙatar batir ko waya. Ana aika masa saƙon rediyo daga nesa, eriyarsa ta mayar da saƙon igiya, igiyar ta ratsa shafen ta dawo, sannan ta koma rediyo ɗauke da amsa.

Ga wuri irin Kano, inda ƙarancin wutar lantarki ke cikin manyan koke-koken masu masana'antu, wannan siffa tana da muhimmanci, musamman ga rami ko rufaffiyar kwata da mutum bai kamata ya shiga don ya duba ba.

Me doka ta ce?

Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a 1988, bayan da aka gano sharar masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko.

A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masana'antun tufafi da fata da takalma. Dokar masana'antu ta 1987 ita ma ta ɗora wa mai masana'anta alhakin kare ma'aikata daga hayaƙi mai cutarwa da haɗarin shiga rufaffun wurare.

A Samaru ta Zariya kuma akwai cibiyar NILEST, mai horarwa da bincike a kan fasahar sarrafa fata.

Aiwatar da irin waɗannan ƙa'idoji yana buƙatar awo, domin wari kaɗai ba hujja ba ne da jami'i zai rubuta a takarda, lamba kuwa hujja ce.

Sai dai na'urar shinshina iska ba ta auna kuromiyam da ke bin ruwa zuwa lambunan bakin Jakara, kuma ba ta rage gubar da ta gano.

Masana harkar jima sun daɗe da sanin matakan da ke rage haɗarin: a raba magudanar ruwan cire gashi da ta ruwan asid, a hura wa ruwan salfaid iska kafin a sake shi, a auna iskar rami kafin kowa ya sauka, kuma a ajiye mutum a bakin ramin da igiya da na'urar numfashi.